Kalmar "restrict": ma'anoninta da yadda take aiki a iyakar Jibiya

A garin Magama da ke ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, inda hanyar Katsina zuwa Maraɗi take tsallakawa cikin Jamhuriyar Nijar, yawancin umarnin da jami'an kwastam da na shige da fice ke aiki da shi daga Abuja yake zuwa, a rubuce da Turanci. Labarinsa kuwa da Hausa yake isa ga fatake da direbobi, ta rediyo ko ta saƙon waya ko daga bakin abokin sana'a a tasha. A tsakanin takardar da kunnen mai kaya, kalmomin Turanci biyar ko shida masu ma'anoni mabambanta sukan dunƙule su koma magana ɗaya: "an hana", ko kuma "an rufe boda".

Daga cikin waɗannan kalmomi babu wadda ta fi shan wannan kwaskwarima kamar aikatau "restrict". Ɗan kasuwar da ya ɗauke ta a matsayin hani yakan bar cinikin da doka ba ta raba shi da shi ba. Wanda kuma ya ɗauka ba ta da haƙora yakan wayi gari motarsa da kayansa suna hannun hukuma. Ma'aikacin gwamnati da ke fassara sanarwa ga jama'a shi ma yana iya jefa gari guda cikin ruɗani da kalma ɗaya.

Asalinta da furucinta

Kalmar ta shiga Turanci ne daga harshen Latin, daga aikatau "restringere" wanda ke nufin ɗaure abu tamau ko janye shi baya. Saiwarta ɗaya da "strict", wato mai tsanani, da "stringent" da akan siffanta tsauraran dokoki da ita. Gaɓoɓi biyu gare ta, kuma a kan ta biyu ake danna murya. Sauye-sauyenta ba su da rikici: "restricts" ga mutum ɗaya, "restricted" ga abin da ya wuce, "restricting" ga abin da ake cikin yi.

Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita, wato "ƙayyade", ita ma daga ɗauri ta samo asali. Daga Larabci aka aro ta, daga "ƙayyada", sanya wa abu ƙaidi ko mari. Ɗaliban usulul fiƙihu sun san bambancin hukunci muɗlaƙi, wanda aka sake, da muƙayyadi, wanda aka ɗaure da sharaɗi. Bahaushe ma yakan ce an yi abu "babu ƙaidi" idan ba a sa masa iyaka ba. Turanci da Larabci da Hausa duk sun hango abu guda: igiya.

Sai dai igiya iri-iri ce. Makiyayi ya san bambancin ɗaure dabba a turke da yi mata talala. Wadda aka yi wa talala tana kiwo, tana kai da kawowa, amma iya tsawon igiyarta. Wannan shi ne zuciyar ma'anar "restrict": abu yana nan yana gudana, amma an zana masa da'irar da ba zai ƙetare ba. Shi ya sa Hausa ke kiran tsare mutum a gidansa ko a garinsu "ɗaurin talala".

Fuskoki huɗu na ma'anarta

Duk inda kalmar ta bayyana a takardar hukuma, ɗaya daga cikin abubuwa huɗu take ɗaurewa, kuma mutanen Jibiya sun ɗanɗani kowanne.

Na farko shi ne adadi. A dokar daƙile matsalolin tsaro da gwamna Aminu Bello Masari ya sanya wa hannu, wadda ta fara aiki ranar 31 ga Agusta, 2021, an keɓe gidajen mai biyu kacal a kowace ƙaramar hukuma da abin ya shafa, har da Jibiya, kuma ba a sayar wa mai mota man da ya wuce na naira 5,000. Fetur bai haramta ba, yawansa aka ƙayyade.

Na biyu shi ne wuri. Tun watan Maris na 2016 hukumar kwastam ta dakatar da shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa, ta bar tashoshin jiragen ruwa a matsayin ƙofarta. Daga ranar 1 ga Janairu, 2017 aka bi da motoci, sababbi da na hannu, ta wannan hanya. Ga mai kallo daga Abuja wannan ƙayyade ƙofa ne, domin kayan suna iya shigowa ta Legas idan an biya haraji. Ga mai tsaye a Magama kuwa hani ne tsantsa, domin ƙofarsa ce aka toshe. Wannan na daga dalilan da suke sa fassarar kalmar ta bambanta gwargwadon inda mai magana yake.

Na uku shi ne lokaci. A wancan umarni na 2021 an taƙaita zirga-zirgar baburan haya a ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Haka kuma a ranar zaɓen shugaban ƙasa, 25 ga Fabrairu, 2023, rundunar 'yan sanda ta taƙaita zirga-zirgar ababen hawa daga ƙarfe 12 na dare zuwa 6 na yamma, tare da keɓe masu ayyuka na musamman.

Na huɗu shi ne mutane. Allon da aka rubuta "Restricted Area" a harabar ofishin kwastam ko barikin soja ko filin jirgin sama yana nufin wurin na masu izini ne kaɗai. Akwai masu shiga, sai dai ba kowa ba.

Ƙananan kalmomi biyu masu juya ma'ana

A nahawu, "restrict" aikatau ne da ba ya tsayuwa sai da karɓau: dole a ambaci abin da aka ƙayyade, kamar zirga-zirga ko shigo da kaya ko cire kuɗi. Abin da ya fi bukatar kulawa shi ne ƙaramar kalmar da ke biyo bayansa.

Idan "to" ce ta biyo, abin da aka ambata bayanta shi ne wanda aka halatta. Jimlar "Rice imports are restricted to the seaports" tana nufin ta tashoshin jiragen ruwa kaɗai aka yarda a shigo da shinkafa. Mai fassarar da ya yi gaggawa ya ce "an hana shigo da shinkafa ta tashoshin jiragen ruwa" ya kifar da maganar gaba ɗaya, ya buɗe ƙofar da aka rufe, ya rufe wadda aka buɗe. Haka "Entry is restricted to staff" ke nufin ma'aikata kaɗai ke shiga.

Idan kuma "from" ce ta biyo, abin da aka ambata bayanta shi ne wanda aka toshe. "Tankers are restricted from the area" na nufin ba a yarda tankoki su shiga yankin ba. A nan kalmar ta matso kusa da hani.

Akwai kuma ginin da mutum ke ɗaure kansa da kansa, kamar shugaban taro ya ce "Restrict yourself to the agenda", wato mai magana ya tsaya a kan abin da aka taru dominsa. Likita ma yakan umarci mai hawan jini da ya "restrict" gishiri, ma'ana ya rage shi zuwa gwargwadon da aka ƙayyade masa.

Danginta

Sunan da aka cira daga aikatau ɗin shi ne "restriction". An fi amfani da jam'insa, kuma kalmar "on" ke bin sa kafin a ambaci abin da aka ɗaure. Akwai aikatau da suka saba tafiya tare da shi: "impose" idan an ƙaƙaba, "tighten" idan an tsaurara, "ease" ko "relax" idan an sassauta, "lift" idan an ɗage gaba ɗaya. Bambancin sassautawa da ɗagewa babba ne ga mai shirin loda mota, domin sassauci yana nufin wani abu na dokar yana nan da ransa.

Sifar "restrictive" tana ɗauke da ƙorafi, ana amfani da ita ga doka ko sharaɗin da ake ganin ya takura. "Unrestricted" kuwa shi ne abin da ba shi da ƙaidi.

Maƙwabtanta a takardun hukuma

"Limit" ita ce mafi kusa. Asalinta kalmar Latin ce mai nufin iyakar gona ko ta ƙasa, kuma ta fi son lamba. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sanar a ranar 6 ga Disamba, 2022 cewa mutum ba zai cire fiye da naira 100,000 a mako ba, kamfani kuma naira 500,000, sannan ya ɗaga adadin zuwa naira 500,000 da naira miliyan 5 kafin watan ya ƙare, lamba ya aza. Ita "restrict" ta fi ɗauke da ƙamshin iko da sharaɗi, ko da babu lamba a ciki.

"Ban" da "prohibit" su ne hani na gaskiya, ta biyun ta fi zama harshen doka. Hukumar kwastam tana da jerin kayan da aka haramta shigowa da su, da jerin waɗanda aka haramta fitarwa, wanda ya ƙunshi masara da katako da ɗanyen fata da ƙiraga da tsofaffin ƙarafa da kayan tarihi. Dabam da waɗannan akwai kayan da ake shigowa da su bisa izini, kamar magunguna da ke bukatar amincewar hukumar NAFDAC, ko wasu sinadarai da kayan tsaro da ke bukatar takardar shaida daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Waɗannan na biyun su ne ake kira "restricted goods". Kayan haram babu takardar da ke wanke su, kayan da aka ƙayyade kuwa takarda ce mabuɗinsu.

"Suspend" dakatarwa ce, tana nuna ana sa ran komawa. "Close" rufewa ce. "Bar" toshe wa wani mutum ko rukuni hanya ce. "Restrain" kuwa an fi jin ta a kotu, inda alƙali ke taka wa wani birki daga aikata wani abu, ko inda ake riƙe mutum da hannu.

Yadda Hausa ke fassara ta

Babu kalmar Hausa ɗaya da ta ɗauke dukkan nauyinta, saboda haka mai fassara yakan zaɓa bisa mahalli. "Ƙayyade" ta dace da adadi da farashi da lokaci. "Taƙaita" ta fi zama a bakin 'yan jarida wajen zirga-zirga da taruka. "Iyakance" tana tafiya da wuri da iko. "Keɓe wa" ita ce fassarar da ta fi fitar da ma'anar ginin da ke da "to", kamar a ce an keɓe wa ma'aikata wannan ƙofa. "Takura" da "ƙuntata" kuwa suna bayyana yadda abin yake a jikin wanda aka yi wa, saboda haka suna ɗauke da ra'ayi, kuma jaridar da ta sa su a kanun labari ta riga ta yanke hukunci. "Takunkumi", wanda asalinsa abin da ake ɗaure bakin dabba da shi ne, ya zama kalmar matakan ladabtarwa tsakanin ƙasashe. "Hana" ba ta dace ba sai idan jimlar ta nuna an toshe ƙofar baki ɗaya ga wanda ake magana a kansa.

Tarihin iyakar cikin kalmomi

Shekarun baya-bayan nan sun mai da mashigar Jibiya tamkar allon karatun waɗannan kalmomi. A ranar 20 ga Agusta, 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da atisayen jami'an tsaro a iyakokin ƙasa, abin da aka fara kira rufewa ta wani ɓangare. A watan Oktoba shugaban hukumar kwastam na lokacin, Kanar Hameed Ali mai ritaya, ya bayyana cewa babu wani kaya, halattacce ko haramtacce, da zai shiga ko ya fita ta iyakokin ƙasa. Ƙayyadewa ta rikiɗe ta zama hani. A watan Nuwamba aka ƙara da umarnin daina kai man fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Garin Jibiya yana cikin wannan da'ira, saboda haka manomi mai injin ban ruwa da mai injin niƙa da ɗan acaɓa, waɗanda ba ruwansu da fasa-ƙwauri, suka shiga cikin talalar.

A ranar 16 ga Disamba, 2020 aka buɗe mashigai huɗu: Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Jibiya ta jira har watan Afrilu na 2022, lokacin da aka buɗe ta tare da Idiroko da Kamba da Ikom. Wannan buɗewa ba ta shafe ƙa'idar shinkafa ba, abin da ya ba wasu mamaki domin sun ɗauka buɗe boda yana nufin ɗage kowace doka.

Bayan juyin mulkin da aka yi wa Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi ranar 30 ga watan, aka sake rufe iyaka. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, 2024, shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakokin ranar 13 ga Maris, Nijar kuma ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga watan. Kwanakin da ke tsakani sun nuna cewa ƙofar iyaka ƙyaure biyu gare ta, kuma ɗage doka a gefe ɗaya ba ya wadatar da mai kaya.

Misalin da ya fi fayyace ma'anar kalmar ya fito ne daga Babban Banki. A watan Yuni na 2015 bankin ya fitar da jerin kaya 41, ciki har da shinkafa da siminti da tsinken sakace, ya ce masu shigo da su ba za su samu kuɗin waje daga kasuwar musaya ta hukuma ba. Takardar da kanta ta fayyace cewa ba a haramta shigo da kayan ba. Jerin ya ƙaru zuwa 43, kuma a ranar 12 ga Oktoba, 2023 aka ɗage ƙa'idar. Mutane da yawa sun ji labarin a matsayin an halatta shigo da shinkafa ta kowace hanya, alhali ƙaidin banki aka kwance, na kwastam bai motsa ba.

A ofis da banki da waya

A aikin gwamnati "Restricted" hatimi ne da ake buga wa takarda, kuma shi ne mataki mafi ƙasa a cikin matakai huɗu na sirri, ƙarƙashin "Confidential" da "Secret" da "Top Secret". Duk da haka takardar da ke ɗauke da shi ba ta fita ga wanda ba shi da hurumi, kuma ɗaukar hotonta a watsa ta waya laifi ne ga ma'aikaci.

A banki, saƙon da ke cewa an yi wa asusu "restriction" yawanci yana nufin kuɗi na iya shiga amma ba sa fita, har sai an cika wani sharaɗi, kamar haɗa asusun da lambar BVN ko NIN, ko har kotu ta janye umarninta. Kuɗin suna nan, hannun mai su ne aka ɗaure. Makamancin haka ya faru da layukan waya a ranar 4 ga Afrilu, 2022, lokacin da aka toshe kiran fita daga layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba, aka bar su suna amsa kira.

A gaban doka

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga a sashe na 41. Sashe na 45 kuma, wanda kalmar "restriction" ke cikin kansa, ya yarda a ƙayyade wasu haƙƙoƙi ta hanyar dokar da ta dace da tsarin dimokuraɗiyya, saboda tsaron ƙasa ko zaman lafiya ko lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wasu. Ma'anar wannan ita ce ƙayyadewa tana bukatar madogara a doka, ba ta tsayuwa da faɗar jami'i kawai. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kan zirga-zirga ita ma talala ce: shiga ba tare da biza ba, amma da takardar tafiya, kuma na kwana 90. Nijar ta fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairu, 2025. Dokar yaƙi da halatta kuɗin haram ta 2022 kuwa ta wajabta wa matafiyin da ke ɗauke da abin da ya haura dala 10,000 ya bayyana wa kwastam. Riƙe kuɗin ba laifi ba ne, ɓoye su ne laifi.

A tsallaken iyaka

Daga Ɗan Isa zuwa Maraɗi takardun hukuma da Faransanci suke. Takwarar kalmar a can ita ce "restreindre", saiwarsu ɗaya, sai "limiter" ga iyakancewa da "interdire" ga hani. A watan Oktoba na 2024 hukumomin Nijar sun hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara zuwa ƙasashen waje, amma suka keɓe Mali da Burkina Faso. Ga mai hatsi a Maraɗi kasuwarsa aka taƙaita, ga mai saye daga Jibiya ƙofa aka rufe.

Abin dubawa kafin a ɗaure kaya

Duk wanda ya ci karo da kalmar a sanarwa yana da tambayoyi biyar da ya kamata takardar ta amsa: mene ne aka ƙayyade, wace hukuma ce ta ƙayyade kuma bisa wace doka, shin "to" ce ta biyo ko "from", su wane ne aka keɓe kuma wace takarda ake bukata, sannan yaushe abin ya fara kuma yaushe zai ƙare. Idan saƙon waya bai amsa su ba, ofishin kwastam na yankin Katsina ko wakilin fiton kaya mai lasisi su ne wurin tambaya, kuma gara a ga takardar da ido kafin mota ta bar tasha. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.